Na Sa Mai Masaukina Ya Dafa Alƙur'ani Saboda Sirrin Kasuwa

Assalamu alaikum Edita da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina girgiza kai ina cewa yaya mutum da hankalinsa zai aikata haka, sai ga shi yau ni ne na zauna ina rubuta nawa. Ina roƙon a ɓoye sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutumin da labarin ya fi shafa yana nan da ransa, kuma abin da na riga na yi masa ya isa. A lokacin da abin ya faru ban daɗe da haura shekara talatin ba. Ni mutumin Funtuwa ne, na yi karatun lissafi a Zariya, sannan Allah ya ba ni tallafin ƙaro karatu a New York. Ina da hali biyu da ban san za su iya haɗa kai su kayar da ni ba. Na farko, ina ji da kaina a kan lissafi. Duk abin da na auna na ga ya daidaita, ko limamin garinmu ne ya ce ba haka ba ne, sai dai in yi masa shiru don girmansa. Na biyu, ni matsoraci ne, irin wanda idan manaja ya wuce bai amsa gaisuwarsa ba zai yini yana laluben laifin da ya yi. Kuma ina da dalilin jin tsoro. Takardar zamana a ƙasar nan a ɗaure take da aikina, ranar da aka sallame ni 'yan makonni kawai za a ba ni in sami wani wurin ko in tattara nawa ya nawa. Ga amarya na baro a gida, takardun zuwanta sun jingina da nawa.

Ranar da na sauka a birnin nan ban san kowa ba, sai kwatancen wani masallaci a unguwar Highbridge, can Bronx, da wani abokin karatu ya yi min. Bayan sallar la'asar wani dattijo ya dube ni ya dubi akwatina, ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce ashe maƙwabci ne, shi mutumin Maraɗi ne. Bai ƙara tambayar komai ba, ya ɗauki ƙaramar jakata ya ce mu je gida. Tsohon direban tasi ne da ciwon gwiwa ya raba da tuƙi, ya koma haɗa wa mutane kaya ana aikawa Yamai. Ya ba ni ɗakin babban ɗansa da ya riga ya kama wurin kansa. A gidan na zauna har na gama karatu, ban taɓa sayen ko albasa ba, in na gwada ma faɗa ne. Matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta koya min yadda ake jera kaya a jiki lokacin sanyi, shi kuma, wanda nake kira Baba, ya koya min layukan jirgin ƙasa da titunan da ba a tsayawa duba waya a cikinsu. Da na sami aiki na koma St. George, can Staten Island, saboda haya ta fi sauƙi kuma jirgin ruwan da ke tsallakar da mu Manhattan, inda ofishinmu yake, kyauta ne. Duk da haka kowace Lahadi sai na tsallaka ruwa, na hau jirgin ƙasa har Bronx, na hau tudun unguwarsu mai sa haki, na je na ci tuwon Inna.

Bari in ɗan yi bayanin aikina, in ba haka ba ba za a gane abin da ya ruɗa ni ba. Kamfaninmu wani dandali ne na kwamfuta inda bankuna ke haɗuwa su yi cinikin wani irin alkawari a kan kuɗaɗen ƙasashe. A ce wani kamfani ya san nan da 'yan watanni zai buƙaci dala, kuma yana tsoron kada ta tashi. Sai ya biya wani ɗan abu yanzu, kamar kafin alƙalami, a ba shi damar saye a farashin da aka tsayar yau. In lokaci ya yi dala ta tashi, ya saya a tsohon farashi. In ta faɗi, ya bar damar ya shiga kasuwa, asararsa ɗan abin da ya biya ne kawai. Wannan damar ita ce hajar da ake saye da sayarwa a wurinmu. Dandali irin namu kuwa suna da yawa, kuma rigimarsu ɗaya ce da ta motocin tasha: fasinja motar da ta kusa cika yake nema. Banki ma inda ya ga ciniki ya yi yawa can yake nufa, domin a nan zai sami abokin ciniki da sauri da farashi mai kyau. Shi ya sa duk ƙarshen wata kowa ke zuba ido ya ga wane dandali ya kwashi kaso nawa na kasuwar. In kasonka ya ɗaga sababbin bankuna su shigo, in ya sauka na ciki ma su fara leƙen ƙofa.

Ni ne mai haɗa waɗannan alƙaluma a ofishinmu. Jimillar cinikin kowace rana doka ta ce a fitar kowa ya gani, wannan ba sirri ba ne. Sirrin shi ne su wane ne suka yi cinikin. Namu sirrin kuwa mai nauyi ne, domin mafi yawan abin da muke taƙama da shi banki ɗaya ne ke kawowa, wani babban banki daga wata ƙasa ta Kudancin Amurka. Daga waje ana ganin motarmu a cike, mu na ciki mun san fasinja ɗaya ne ya saye kujerun. Waɗanda suka san haka a ofis ba su da yawa, ina cikinsu, kuma tun ranar da aka ɗauke ni aiki aka ja min kunne cewa maganar abokin ciniki ba ta fita, ko da ga matar da kake aure ne.

To, Baba a ƙuruciyarsa ɗan canji ne a bakin iyaka, tsakanin sefa da naira, kuma har yau babu hirar da ke sa shi gyara zama kamar ta kasuwar kuɗi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san matsayin mai masauki. Baƙon da ya sauka a hannunka ba ya ɓoye maka abin da ya zo da shi, ko abin da ya samu, ko abin da ke damunsa, ɓoyewar ma raini ce. Wata Lahadi bayan an kwashe kwanuka ya dube ni ya ce ya ga na faɗa, ko kasuwar ce ba daɗi. Na ce lafiya lau. Ya ce kada in yi masa lafiya lau irin ta baƙi, shi ba baƙona ba ne. Sai na saki baki. Ban faɗi sunan bankin ba, amma na ce masa rumfarmu a kan mutum ɗaya take tsaye, na faɗi ƙasar da mutumin yake, na ce ranar da ya juya mana baya mun shiga uku. Baba ya jinjina kai, ya ba ni labarin wani attajiri ɗan Agadas da ya taɓa riƙe rumfarsa haka, ya yi min addu'a, aka kawo shayi. Kafin in kai tashar jirgi na manta ma mun yi maganar. Abin da ban kawo a raina ba a ranar shi ne babban ɗansa, wanda na gaji ɗakinsa. A nan aka haife shi, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa, kuma yana aiki ne a wani dandali da ke hamayya da namu, a sashen masu zawarcin bankuna. Hasali ma shi ya fara nuna min akwai irin wannan aiki a duniya, lokacin da nake neman abin yi. Ba mu shaƙu ba. In mun haɗu a gidan mu gaisa, kowa ya san ba a hirar ofis.

Ba a fi wata biyu ba bankin ya tafi. Ina zaune ina kallon alƙaluman ranar suna shigowa sai na ga kamar an rufe famfo. Na ɗauka na'ura ce ta sami matsala, na kira masu gyara suka ce lafiyarta ƙalau. Kafin ƙarshen makon labari ya bazu cewa dandalin da ɗan Baba ke aiki ne ya ɗauke shi, da wani tayi mai daɗi wanda ba mai yin irinsa sai wanda ya san ainihin girman cinikin da bankin ke yi a wurinmu. Ƙarshen wata ni na haɗa rahoto da hannuna, na ga kasonmu ya zube ƙasa warwas, kuma tuni wasu ƙananan bankuna suka fara ja da baya. Shugabar sashenmu, wata mata mai magana a hankali wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta tara mu ta ce kamfani yana zargin magana ta fita daga cikin gida. Ta ce za a duba imel da wayoyin ofis, kuma lauyoyi za su zauna da duk wanda ya san sirrin, ɗaya bayan ɗaya. Tana magana hirar Lahadin nan ta faɗo min a rai.

Ban taɓa shiga tashin hankali irin na kwanakin da suka biyo baya ba. Abinci ya daina wuce min. In na tayar da salla sai in rasa raka'ar da nake ciki, in yi ta sujadar rafkanuwa har na fara jin kunyar kaina. Da safe a jirgin ruwa mutane na shan kofi suna duba waya, ni kuma ina tsaye a bakin ƙarfe ina kallon dogayen gine-ginen Manhattan suna matsowa, ina ji kamar kotu ake kai ni. A ofis duk wanda ya fito daga ɗakin lauyoyi sai in bi fuskarsa da kallo, ko zan gane abin da aka tambaye shi. In shugabarmu ta yi min murmushi in ce ta sani, in ba ta yi ba in ce tabbas ta sani. Na san a sana'ar nan wanda aka kora saboda fitar da sirri ba ya sake samun wuri, labarin yana riga shi isa duk ofishin da ya nufa. Cikin wannan hali matata ta kira ni da murna ta ce an ba ta ranar ganawa a ofishin jakadanci, tana tambaya ko rigar sanyin da ake sayarwa a Kano za ta yi ko sai ta zo. Na ce mata ta bari sai ta zo, muryata na rawa, ta ce ko mura nake yi na ce e. Bayan mun ajiye waya na zauna ina hango kaina na koma Funtuwa da akwatin da na zo da shi, ina hango surukina da mutanen da suka raka ni filin jirgi, da irin gaisuwar tausayin da za a rinƙa yi min a ƙofar gida.

Sai na yi abin da na iya, wato lissafi. Na ce a birni mai miliyoyin mutane, Hausawa nawa ne ke wannan sana'a? Ni dai biyu na sani, ni da ɗan Baba. Ɗaya ya san sirrin, kamfanin ɗayan ne ya ɗauke bankin, a tsakaninsu kuma akwai dattijo ɗaya mai son hirar kasuwa, wanda kullum maganarsa ita ce yara su taimaki juna. Na ga lissafi ya fita tsaf, babu saura. Da farko ban zarge shi da mugunta ba. Na ce cikin hira ce ta suɓuce masa, ko kuma ya ga dama ce ɗansa zai samu ƙarin girma a wurin aiki, wane uba ne ba ya son haka. Amma da kwanaki suka ja sai na fara tono duk tambayar da ya taɓa yi min ina ba ta sabuwar fassara. Me ya sa yake son sanin sunan unguwar da ofishinmu yake? Me ya sa ranar ya matsa sai na yi magana? Har na kai ina tambayar kaina ko tun farko don haka aka riƙe ni. Allah ya yafe min, har tuwon Inna sai da na sa a cikin lissafin. An sa min ranar zama da lauyoyi a tsakiyar mako mai zuwa, na ce dole kafin nan in san ko sawun ya iso kaina.

Lahadin na je da rana kamar yadda na saba. Na tarar da baƙi biyu a falo, dattawan masallaci, ɗaya mutumin zangon Kumasi ɗaya ɗan Zinder. Inna ta kawo abinci aka miƙo min ruwan wanke hannu, na ce na ƙoshi. Sannan na kira Baba da Alhaji, sunan da ban taɓa kiransa da shi ba, na tambaye shi kai tsaye ko ya faɗa wa ɗansa maganar da muka yi. Ya ɗan yi jim yana ƙoƙarin tuna wace magana, da na tuna masa sai ya ce bai faɗa ba, shi ko sunan ƙasar ma ya manta. Ya ce in bari baƙi su ci abinci mu shiga ciki mu yi magana. Na ce a nan za a yi ta, tun da rayuwata ce ake wasa da ita. Ya ce wallahi bai faɗa wa kowa ba. Ni kuma, ni da wannan bakin nawa, na ce wallahi ba ta da tsada a wurin 'yan kasuwa. Dattijon Kumasi ya ajiye cokali ya tambaye ni ko na san da wanda nake magana, ɗan Zinder kuwa sai salati yake yi. Ban saurare su ba. Na ce in gaskiya ne, ya dafa Alƙur'ani.

Inna ta fito daga kicin tana sallallami, ta kira ni da sunan da take kirana da shi na wasa, ta ce in dubi Allah. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar saboda gwiwoyin nan, ya shiga banɗaki, muka ji ƙarar ruwa yana alwala. Ya daɗe a ciki, domin wanke ƙafa yana ba shi wahala. Wannan lokacin shi ne ya fi ci min rai har yau. Ina zaune ina jin ruwan, wani abu a zuciyata yana cewa in tashi in ƙwanƙwasa ƙofar in ce ya bari, na yarda. Ban tashi ba. Ina son in tabbatar, ina son in shiga ɗakin lauyoyi da sanin inda na tsaya. Ya fito hannuwansa na ɗigar ruwa, ya sauko da Alƙur'ani daga saman kabad, ya kwance ƙyallen da aka naɗe shi, ya ɗora hannunsa. Ya rantse cewa maganar da na faɗa masa bai faɗa wa ɗansa ba, bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa wa wani mahaluki ba. Ya mayar da littafin ya naɗe a hankali. Sannan ya ce to shi ke nan, an gama, in wanke hannu in ci abinci kada ya huce. Ban iya ba. Na tashi na fita ko sallama ban yi ba.

Kuna tsammanin hankalina ya kwanta? Ina cikin jirgin ƙasa na fara cewa ai wataƙila Inna ce ta ji daga kicin ta faɗa wa ɗanta. Na faɗi wannan ne don a san inda tsoro ya kai ni.

Ana gobe zamana da lauyoyi shugabarmu ta sake tara mu. Ta haska allo, sai ga jimillar cinikinmu ta kullum, wadda muke fitarwa kowa ya gani, aikin hannuna. Ta ce babban mai kula da abokan cinikinmu ya zauna da mutanen bankin da ya tafi, kuma sun gaya masa yadda aka yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Masu nazari na wancan dandalin sun ɗauki alƙalumanmu ne suka jera su kusa da ranakun hutun ƙasashe. Sai suka ga duk ranar da waccan ƙasa ke hutu cinikinmu yana faɗuwa ƙasa, in wasu ƙasashen ne ke hutu kuwa ko gezau. Bankunan da ke da irin wannan ƙarfi a ƙasar ba su da yawa, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa, da suka zo kan namu shi da bakinsa ya ba su sauran bayani don a yi masa rangwame. Ta ce babu wanda ya fitar da komai, an rufe bincike, kowa ya koma bakin aikinsa. Mutane suka yi ta dariya suna sauke numfashi, wani ya dafa kafaɗata ya ce ina ma mu ma mun lura da wannan. Ni kuwa na sha ganin wannan faɗuwar, duk ranar da ta faru ni nake rubuta wa shugabanni cewa hutu ne kada su damu, ban taɓa tunanin na waje ma yana da ido ba. Daga baya na ji cewa ɗan Baba ko a cikin tawagar ba ya, shi bankunan Asiya yake bi. Ba a taɓa tambayata ko na yi magana da wani ba, kuma ba na alfahari da hakan. In akwai wanda ya karya amana a cikin labarin nan ni ne, da na saki baki. Wanda na sakar wa bakin ya riƙe.

Na je wurin limamin masallacin na faɗa masa komai, ya riga ma ya ji. Ya yi min faɗan da ya dace da ni sannan ya raka ni gidan. Na durƙusa a gaban Baba, sai kuka. Ya ce in tashi, ya ce shi ya yafe tun ranar, kafin in gama sauka daga bene, domin ba ya son ya kwana da kowa a ransa. Ya tambayi aikin, na ce an rufe magana, ya ce alhamdulillahi, ya yi min addu'a mai tsawo. Inna ba ta fito ba. Ya ce ƙofa a buɗe take. Na koma wasu lokuta, ana karɓata da fara'a, amma sai a kawo min abincina a faranti daban a ɗora a kan tebur, maimakon tire ɗaya da muka saba sa hannu. Hirar ba ta wuce sanyi da zafi da labarin gida. Ba wanda ya ce min kada in zo, ni na ga zuwan nawa yana takura su, na rage.

Matata ta zo, takardu sun daidaita, aiki ya ci gaba duk da kamfanin bai sake komawa yadda yake ba. Da Allah ya ba mu haihuwa muka yi suna a wani masallaci a unguwar University Heights, na aika wa Baba da goron gayyata ina fargabar ba zai zo ba. Ya zo, da sandarsa da babbar rigarsa mai kyau, ya zauna can kusa da ƙofa. Ina zagayawa da tiren dabino na zo ta bayansa, sai na ji wani baƙo, ma'aikacin ofishin jakadanci da bai san mu sosai ba, yana gaishe shi yana tambaya ko shi ne mahaifin angon ƙarni. A da in aka yi masa irin wannan tambaya cewa yake e, ɗansa ne na Najeriya, har ya ƙara da cewa shi ya yaye ni. Ranar murmushi ya yi ya ce a'a, a da dai masallacinmu ɗaya. Ba da ɗaci ya faɗa ba, bai ma san ina tsaye ba. Na juya da tiren na shiga wurin alwala na daɗe ban fito ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na koye shi. 'Yan uwana da ke aiki a ofisoshin ƙasar nan, musamman masu riƙe da sirrin kamfani da takardar da ke ɗaure da aiki, ku sani girmama babba bai wajabta muku buɗe masa abin da aka ba ku amana ba. Da ranar na ce masa Baba ka yi haƙuri, wannan an hana mu faɗa, da dariya zai yi ya ce Turawa da ka'ida, a kawo shayi. Ni na ɗora masa kayan da bai nema ba, sannan na dawo ina cajin sa kamar ɓarawo. Kuma in tsoro ya kama ku, kada ku yarda da lissafin da kuka yi a cikinsa, komai kyan yadda ya fita. Nawa ya fita tsaf, kuma ƙarya ne daga farko har ƙarshe. Ku nemi wani mai hankali ku gaya masa, ku jira bincike ya ƙare, ku jure rashin sani na 'yan kwanaki. Aikin da na ji tsoron rasawa ko taɓa shi ba a yi ba. Fiye da komai, kada ku taɓa sa wanda ya ciyar da ku ya rantse muku. Gaskiya za ta iya fitowa, za a iya yafe muku, amma babu yadda za ku yi ku mayar da ranar ta zama bai dafa ba.